Bin sawun aikin hukuma da tantance labarin waya: jagora ga mutanen Tawa

In rediyo ta sanar cewa an kawo hatsin gwamnati na sayarwa da rahusa, amsar da za ka fara ji a fada ita ce "sai mun gani a ƙasa". In kuwa saƙon murya ne ya faɗo WhatsApp, wani da ba a san sunansa ba yana rantsuwa cewa an yi kaza a wuri kaza, kafin la'asar ya gama zaga gari, daga tasha har bakin kasuwa. Takarda mai hatimi da sa hannu ana shakkar ta, muryar da ba a san mai ita ba ana gaskata ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar nan ta ga juyin mulki sau biyar, a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, kowanne da alkawarinsa na gyara. Ta ga tazarcen 2009. Ta ji binciken ma'aikatar tsaro da ya fito a 2020, wanda ya yi maganar wajen miliyar 76 na sefa da suka salwanta a kwangilolin kayan soja. Bayan zagaye na biyu na zaɓen 2021 an yanke intanet na waya har tsawon kwana goma. Sai kuma ƙananan abubuwan da talaka ke taɓawa da hannunsa, waɗanda su suka fi yi masa ciwo. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma asibitoci suka yi ta jiran gwamnati ta mayar musu da kuɗin, magani ya yanke, uwa ta ji "kyauta" a rediyo ta je aka miƙa mata takardar sayen magani a waje.

Kafofin labarai ma ba su tsira ba. Télé Sahel, Muryar Sahel, jaridar Le Sahel da kamfanin dillancin labarai na ANP bakin gwamnati ne, ko wace ce ke kan mulki. Masu zaman kansu talauci ya yi musu katutu, har ɗan jarida ya dogara da kuɗin mota da mai taro ke bayarwa. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, BBC kuma na wata uku a Disambar 2024. Da ƙofofi suka ragu, sai mutane suka koma wa waya.

Hanyar da aka saba bi a da, ita ma ta canza. An rushe majalisun komin da na birane da na jihohi a Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi, waɗanda ma'aikata ke kira AD. An rushe jam'iyyu a Maris 2025. Wato babu kansayen unguwa da za ka tare a ƙofar masallaci ka ce masa ƙuri'arka na nan. Abin da ya rage shi ne meri da ma'aikatanta, kwamitocin makaranta da na asibiti da na ruwa, sarakuna da masu unguwa, rediyo, da takarda. Da waɗannan ma ana samun biyan buƙata, in an san yadda ake bi.

Mataki na farko: gyara wayarka

Dalilin farawa da nan shi ne, wanda aka taɓa kama shi da yaɗa ƙarya sau ɗaya, ranar da ya zo da gaskiya a hannu ba wanda zai saurare shi. Akwai kuma doka. Dokar laifukan intanet ta 2019 an sassauta ta a 2022, aka cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, amma a Yunin 2024 aka mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 a kan ɓata suna ko zagi ta waya ko intanet, shekara 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da aka ga zai iya tada hankalin jama'a, ban da tara ta miliyoyi. Cewa "ni ma turo mini aka yi" ba ta fitar da mutum.

Saƙon murya, saurare shi da tambaya uku a rai: wa ke magana, yaushe, daga ina? Mai gaskiya yakan faɗi sunansa da garinsu da ranar. Wanda ya fara da "jama'a ku yaɗa, kada ya tsaya a wurinku", ya ce "jiya" ko "yanzu-yanzu" ba tare da kwanan wata ba, saƙonsa na iya yin shekara uku yana yawo, kullum jiyan sabuwa ce. Duba saman saƙon: in ka ga kibiya biyu, WhatsApp na sanar da kai cewa ya bi hannaye da yawa kafin ya iso gare ka, kuma wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. Murya kaɗai ta daina zama shaida, don yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa.

Hoto da bidiyo, tsayar da su ka duba gefe, ka bar tsakiya. Lambar mota ta wace ƙasa ce? Rubutun allon shago da Faransanci yake ko da Ingilishi? Kakin jami'an irin namu ne? Wace irin Hausa ake ji a baya, ta Adar ko ta Zamfara? In an ce abin ya faru a Bagarawa cikin watan Afrilu, ka ga ciyawa kore shar har gwiwa, magana ta ƙare. Mai babbar waya ya sa hoton a manhajar binciken hoto ta Google Lens, sau da yawa zai ga an taɓa wallafa shi shekarun baya a wata ƙasa.

Sanarwar hukuma da ke yawo a hoto ita ce ta fi ruɗin masu ilimi, don tana zuwa da tuta da hatimi. Hatimi ana kwafe shi daga tsohuwar takarda cikin minti biyu. Duba lambar takardar da kwanan wata, ka duba ko wanda ya sa hannu yana kan muƙamin a ranar. Naɗi, sauke ma'aikaci, ranar hutu, farashin mai, sakamakon taron ministoci, duk waɗannan in gaskiya ne za ka same su a ANP ko Le Sahel ko labarun dare na Télé Sahel. A irin wannan, kafar gwamnati ita ce madogara, don maganarta ce take faɗa. Abin da ba za ka nema a wurinta ba shi ne labarin inda aikinta ya gaza. Wannan sai a rediyoyi masu zaman kansu, ko shirye-shiryen Studio Kalangou da ke fita da Hausa ta rediyoyin gari tun 2016, ko wurin mutanen da abin ya faru a gabansu.

Hanya mafi sauƙi kuma ita aka fi mantawa: kira. Babu garin jihar Tawa da ba ka da wanda ya san wani a cikinsa, direban tasha, ɗan kasuwar albasa a Galmi, malamin makaranta da aka tura Keita. Tambaye shi, "Da idonka ka gani, ko ji ka yi?" In ya ce ji ya yi, ka nemi na biyu wanda ba ta bakin na farko ya ji ba.

Labarin tsaro kuwa, motsin sojoji, hoton gawa, sunan wanda ake zargi da kai rahoto, kada ya fita daga wayarka ko da ka tabbatar. Tiliya da Tasara suna cikin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma sunan da ka tura na iya zama ajalin mai shi. In kai ke riƙe da gurup, rubuta ƙa'ida a kansa, ka goge abin da ba shi da tushe, ka gargaɗi mai turowa a keɓe kafin ka fitar da shi.

Mataki na biyu: zaɓi abu guda da ake iya ƙirgawa

"Gwamnati ba ta yi mana komai" kuka ne, ba a amsa shi. "Shaton garinmu ya tsaya tun 3 ga wata, kuma ana karɓar kuɗin gyara a kowace jarka" magana ce da ke da mai amsawa. Ku auna abin da kuka zaɓa da sharaɗi uku: ana iya zuwa a gan shi, akwai takardar da ta ce ga yadda ya kamata ya kasance, kuma wanda ke da ikon gyarawa yana inda za ku iya zuwa da ƙafa ko da kabu-kabu. Aji da aka fara ginawa aka bari, malamin da sunansa ke makaranta shi kuma yana birni, tikitin kasuwa, magudanar da ke cikewa duk damina, duk sun cika sharaɗin. Guda ɗaya za ku ɗauka. Waɗanda suka shiga ofis da buƙata goma sukan fito da "za mu duba" guda ɗaya.

Mataki na uku: gano hannun da abin yake

Rabin wahalar da ake sha daga buga ƙofar da ba ita ba ce. Ruwan cikin birni yana hannun kamfanin ruwa na NDE, wanda ya gaji kamfanin SEEN a farkon 2024, manyan kayan aikin kuma na kamfanin gwamnati ne, SPEN. Shaton ƙauye mallakar komin ne, galibi an ba wani ɗan kasuwa ya gudanar bisa yarjejeniya, akwai kuma ƙungiyar masu amfani da ruwan, AUSPE, da ya kamata ta sa masa ido. Makarantar firamare: darakta, kwamitin gudanar da makaranta da ake kira CGDES, ƙungiyar iyaye, sannan sufeton makarantu, sannan ofishin ilimi na jiha. Ƙaramin asibitin gari, wato CSI: majo, kwamitin kula da kuɗin asibitin, sannan babban likitan gunduma. Rikicin gona da burtali: hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, daga na ƙauye wanda mai gari ke shugabanta, zuwa na komin, zuwa na gunduma. Kasuwa, shara, magudana da harajin gari na meri ne. Birnin Tawa da'ira biyu ne, sai ku tabbatar wacce unguwarku ke ciki kafin ku rubuta suna a kan takarda.

Ku fara daga ƙasa. In kuka tsallake majo kuka je wurin babban likita, abin da zai fara yi shi ne kiran majo, kun kuma yi abokin gaba ba gaira ba dalili.

Mataki na huɗu: ku zama biyar zuwa bakwai

Mutum ɗaya ana ce masa mai neman fitina, mutum hamsin ana ce musu zanga-zanga. Ana son dattijo da ake jin nauyinsa, wanda ya iya rubutun Faransanci, wanda ya iya lissafi, matashi mai waya mai ɗaukar hoto, da mata aƙalla biyu. Maganar ruwa da asibiti mata ne suka san ta ciki da waje, kuma matan asusu irin na Mata Masu Dubara sun riga sun saba da littafin shiga da fita fiye da maza da yawa. Ku sanar da mai unguwa ko mai gari tun kafin ku fara: "Baba, ga abin da muke so mu bi, mun ce kada ka ji a bakin wani." Ko bai raka ku ba, ba zai ce bai sani ba.

Kada ku sa wanda ke da tsohuwar gaba da ma'aikacin, ko wanda ya nemi kwangilar ya rasa. Da an gan shi za a ce ramuwa ce, a bar maganar ruwa a koma maganarsa. Ba sai kun yi rajistar ƙungiya ba don ku rubuta wasiƙa da sunayenku. In dai za ku riƙa tara kuɗi ko ku yi aiki na dindindin, to sai ku bi dokar ƙungiyoyi ta 1984.

Mataki na biyar: shaida

Nan aikin yake, nan kuma aka fi yin kasala. Ku sayi littafi guda mai lambar shafi, kowane abu a rubuta shi da kwanan wata da sunan wanda ya gani.

Ɗauki ruwa. A gindin shato akwai kwantar babba mai ƙirga ruwan da ya fita, kowane famfo kuma yana da tasa. Baƙaƙen lambobi su ne ma'aunin lita dubu-dubu, jajayen kuma 'yan canji ne, ku bar su. Lita 1,000 jarka 40 ce mai lita 25. In ana sayar da jarka dala biyar, kowace lamba ɗaya da ta ƙaru a kwantar jika ɗaya ce. Ku ɗauki hoton kwantar ranar 1 ga wata, ku sake ɗauka ranar 1 ga wata mai zuwa, da safe kafin a buɗe famfo. A ce, misali, bambancin 600 ne. Kuɗin da ya kamata ya shiga jika 600. Ku cire kashi goma cikin ɗari na zuba da wanke jarka, saura jika 540. In littafin mai gudanarwa ya nuna jika 300, akwai tambaya.

Tambaya ce fa, ba hukunci ba, don giɓin yana da iyaye da yawa. Bututu na iya yoyo a ƙarƙashin ƙasa, kuma za ku gane haka in kuka haɗa lambobin famfuna duka kuka ga ba su kai na babbar kwantar ba. In sun kai, to ruwan ya fita ta famfo, kuɗin ne bai dawo ba. Wataƙila makaranta da masallaci suna ɗiba kyauta, wataƙila akwai bashin masu dabbobi, wataƙila kwantar ta maƙale. Akwai kuma jarkar da aka zuba wa ruwan zafi aka kumbura ta har tana cin lita 30 a kuɗin 25, abin da kowane mai famfo ya sani. Sai an cire duk waɗannan ake maganar hannun mutum. Ku tambayi kuma kason da yarjejeniya ta ce a riƙa ajiyewa don sabunta inji da faɗaɗa bututu: a wane asusu yake, nawa ne a ciki, sa hannun wa ke fitar da shi? Shato da yawa sun mutu ne ranar da injin ya ƙone aka tarar asusun wayam.

Gini kuma, ku fara da allon da ake kafawa a bakin aiki: sunan aikin, mai ba da kuɗi, ɗan kwangila, mai sa ido, wa'adi. Ku ɗauki hotonsa tun yana sabo, don rana da iska na cinye rubutun. In babu allo, wannan ce tambayarku ta farko. Ku je ranar buga bulo, ku ƙirga nawa ake fitarwa a buhun siminti ɗaya mai kilo 50, ku rubuta. Ku duba ko ana ba bulon ruwa safe da yamma na kwanaki, don wanda aka bari ya bushe a ranar Tawa ba ruwa, da ɗan yatsa ake murƙushe gefensa. Kankaren ginshiƙi da na kan ƙofa, abin da aka saba rubutawa a kwangila kilo 350 na siminti ne a awon mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, wato buhu bakwai. Magini na unguwa da kuka amince da shi zai gane da ido in an rage. Kada ku hana ma'aikata aiki, kada ku yi musu da lebura, ba shi ya sa hannu a kwangila ba.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: ana karɓar aikin gwamnati sau biyu. Akwai karɓar wucin gadi da an gama, akwai ta ƙarshe, galibi bayan shekara guda. A tsakani ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, wanda ba ya wuce biyar cikin ɗari, don in aibi ya fito ya dawo ya gyara. Tsagewar bango, rufin da ke zuba, daɓen da ya farfashe a damina ta farko, in kuka kai su a rubuce da hoto kafin karɓar ƙarshe, akwai abin da za a matsa shi da shi. Bayan an sallame shi, sai dai ku yi karo-karo.

A asibiti ku nemi a manna farashi a bango inda kowa zai gani, musamman tunda gwamnati ta sanar da rage kuɗin jinya a asibitocinta daga Satumbar 2024, kuma kowa ya karɓi rasit. A makaranta ku halarci babban taron CGDES na farkon shekara, inda ake tsara abin da za a yi da abin da kowane gida zai bayar, ku nemi a karanta lissafin bara kafin a yi maganar kuɗin bana. A kasuwa, duk wanda ya biya ya karɓi tikiti mai lamba da aka yage a gabansa. Kuɗin da aka karɓa ba tikiti bai san hanyar meri ba, kuma wanda bai biya harajinsa ba bakinsa ba ya nauyi a ofis.

Mataki na shida: takarda, da shaidar an karɓa

Maganar baki a ofis tana mutuwa da an rufe ƙofa. Ku rubuta shafi ɗaya. Ko da yake kundin da aka sa wa hannu a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, fayilolin ofis har yanzu da Faransanci suke tafiya, don haka a rubuta da Faransanci, a karanta wa kowa fassarar da Hausa kafin ya sa hannu ko ya dangwala.

Abin da zai shiga: kwanan wata, muƙamin wanda ake rubuta wa, abin da kuka gani da ranaku da lambobi, tambayoyin da ba su wuce uku ba, takardar da kuke son gani, da lambar wayar mutum biyu. Ban da "ɓarawo", ban da "an ce", ban da sunan wanda ba ku da shaida a kansa. "Kwantar ta nuna 600, littafi ya nuna jika 300, muna neman bayanin bambancin" ya fi kowane zagi ciwo, kuma ba ya kai kowa gaban alƙali. In takarda kuke nema, ku ambaci doka mai lamba 2011-22 ta 23 ga Fabrairun 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar ganin bayanai da takardun hukuma, ban da irin na sirrin tsaro da na rayuwar mutane. A meri, takardu uku ne suka fi amfani: kasafin kuɗin shekara, jerin ayyukan da aka tsara yi a shekarar, da lissafin ƙarshen shekara da ke nuna abin da aka kashe da gaske. Kasafi niyya ce kawai. Ku jera na farko da na uku gefe da gefe, ku nemi layin aikinku a kowanne.

Ku yi kwafi biyu ku kai sakatariya. A kan teburin akwai babban littafin da ake shigar da wasiƙun da suka iso. Ku tsaya har a rubuta taku a ciki, a buga hatimi a kwafinku, a sa lamba da kwanan wata. Wannan ita ce desharji. In aka ce "ku ajiye, mai hatimin ya fita", ku ce ba komai, za ku jira, ko ku dawo gobe da takardarku a hannu. Wasiƙar da ba ta shiga littafin ba, a idon ofis ba a taɓa kawo ta ba.

Mataki na bakwai: ganawa

Mutum uku sun isa, bakin magana ɗaya. Bayan gaisuwa: "Ranka ya daɗe, mun zo ne a kan wasiƙarmu mai lamba kaza ta ranar kaza. Ba ƙarar kowa muka kawo ba, lissafi ne bai haɗu mana ba, muna so a fahimtar da mu." Ku bar shi ya gama bayani, don wani lokaci amsar gaskiya ce: kuɗin bai sauko daga Yamai ba, ko aikin na wata ƙungiya ce ba na meri ba. Kafin ku tashi ku nemi abu biyu, wa zai bi maganar, da ranar da za ku dawo. Kada ku ɗauki murya a ɓoye. In aka miƙo "kuɗin mai", ku yi godiya ku bar shi a kan tebur, don ranar da kuka karɓa unguwa za ta ji, kuma daga ranar ku ma kun shiga cikin waɗanda ba a yarda da su.

Da kun fito, ku rubuta abin da aka faɗa a littafinku, ku koma ku gaya wa mutanen da suka aiko ku, har da abin da bai yi daɗi ba. In ma'aikacin ya yi abin kirki, a faɗa a bainar jama'a da sunansa. Yana da amfani ya san cewa ba laifi kaɗai ake ƙirga masa ba.

Mataki na takwas: rediyo

Rediyo na zuwa ne bayan takarda. In kuka fara da ita, ma'aikacin zai ji an tozarta shi, ya ƙulle. Ku bambanta abu biyu: sanarwa ana biyan kuɗinta, ana karanta ta yadda kuka rubuta, labari kuwa ba a saye, kuma ɗan jarida na da haƙƙin ya je ya ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Wanda ya ce ku ba shi wani abu ya "fitar da maganar", gobe zai karɓi na wancan ya binne ta. Ku ba ɗan jarida kwafin wasiƙa mai desharji da hotuna masu kwanan wata, ku riƙe na asali. A halin da ake ciki, inda aka sha tsare 'yan jarida, takarda mai hatimi kariya ce gare shi kamar yadda take gare ku.

A shirin kiran waya, minti ɗaya gare ka. Rubuta jimla uku tun kafin ka kira: sunanka da unguwarku, abin da aka gani da ranarsa, tambayar da ake jiran amsarta. Gaisuwar mutum goma sha biyu ita ke cinye kiredi kafin a zo ga magana. In kuma wata kafa ta faɗi abin da ba daidai ba a kanku, dokar 'yan jarida ta 2010 ta tanadi haƙƙin mayar da martani. Ku rubuta wa daraktan gidan da wuri, ku ambaci rana da shirin, ku tsaya a kan gyaran kuskuren kaɗai.

In an yi shiru

Bayan mako biyu, wasiƙar tuni, gajeruwa, mai ɗauke da lambar ta farko. Bayan wasu biyun, ku hau mataki ɗaya: daga darakta zuwa sufeto, daga majo zuwa babban likitan gunduma, daga kantoma zuwa prefe, ko gwamna in maganar birnin Tawa ce, ku haɗa da kwafin duk abin da ya gabata, ku kuma aika wa na ƙasan kwafi don ya san ba ta bayansa kuka bi ba. Sarki ko hakimi na iya buɗe ƙofar da wasiƙa ta kasa, sai dai ku je masa da takardun a hannu.

In abin da kuka tarar ya wuce sakaci, ya zama kuɗin jama'a ne aka karkatar kuma akwai takardun da ke nuna haka, wannan ya fi ƙarfin kwamitin unguwa. Akwai mai gabatar da ƙara a kotun Tawa, akwai kuma COLDEFF, hukumar da aka kafa a 2023 don laifukan dukiyar ƙasa. Kafin ku kai can, ku nuna wa lauya ko wani masanin doka fayil ɗin, ku yi kwafi uku a ajiye a gida uku, kuma kada kowa a cikinku ya sa ko shafi ɗaya a WhatsApp ko Facebook har sai hukumar ta karɓa ta ba ku shaidar karɓa.